Takardar indijin a Kaduna: daga zauren mai unguwa zuwa shafin neman aiki

Da zarar an buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda, ko soja, ko kwastan, ko jami'an shige da fice, sai ka ga matasa sun yi cincirindo a sakatariyoyin ƙananan hukumomin Kaduna, kowa da ambulan a hammata, ana neman takardar indijin, wato shaidar cewa mutum ɗan asalin wata ƙaramar hukuma ne. Na sha raka matasa wannan hanya tun daga cike fom har zuwa ɗora takarda a intanet, kuma abin da na fi ganin yana kayar da mutane shi ne saɓani tsakanin abin da aka rubuta a takarda da abin da ke cikin rumbun NIN. Ma'aikacin sakatariya zai iya duban fuskarka ya gane cewa Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne. Kwamfuta harafi take kwatantawa da harafi, idan ba su zo ɗaya ba ta yi watsi da kai, babu kuma wanda za ka yi wa bayani.

Wasu suna tambaya ko har yanzu ana bukatar takardar, tunda a 2019 gwamnatin jihar ta sanar cewa ta daina bambanta ɗan asali da baƙo, mazauni kawai take dubawa, ga kuma katin zama ɗan jiha da hukumar KADRIMA ke bayarwa. Katin nan yana nuna inda kake zaune ne. Ayyukan tarayya kuwa ana rabon gurabensu bisa jiha da ƙaramar hukumar asali, a ƙarƙashin ƙa'idar raba daidai da sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya kafa, kuma Hukumar Raba Daidai ce ke sa ido a kai. Don haka shafin tarayya ba zai karɓi katin zama a madadin indijin ba. A ƙa'idar wannan hukuma, ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wurin ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta amince da shi a matsayin nata, kuma ba a yarda mutum ya riƙe biyu ba. Matar aure ma, a lissafin tarayya, asalin gidan ubanta take ci gaba da riƙewa. Mata da yawa suna zuwa da niyyar karɓar ta garin miji, sai a wajen tantancewa a ga ta saɓa wa abin da ke takardunsu na makaranta.

Aikin farko a gida ake yin sa, kafin a taka ko'ina. A shimfiɗa takardu a jere: silif ɗin NIN, takardar haihuwa, shaidar kammala firamare, sakamakon WAEC ko NECO. A ɗauki biro a bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba abu huɗu: yadda aka rubuta kowane suna, jerin sunayen, ranar haihuwa, da ƙaramar hukumar asali.

A nan ne ya kamata a daɗe. Mu Hausawa ba mu da sunan dangi tsayayye irin wanda fom ke nema, sai kowane magatakarda ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Yaro ɗaya za ka tarar a firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa, a sakandare an ƙara sunan gari kamar Giwa ko Makarfi ko Soba, a NIN kuma mai rajista ya juya su, sunan uba ya koma na yanka, na yanka ya koma na uba. Ga A'isha da Aisha da Aishatu. Ga Abdullahi da Abdullah. Sunaye masu ɗauke da alamar tsayawa irin Sa'adatu, Isma'il da Mus'ab suna da tasu matsalar daban, domin wasu shafukan ba sa karɓar alamar, wasu kuma su mayar da ita wani baƙon rubutu idan an buga takarda. Abin da nake ba da shawara kullum shi ne a ɗauki takardar da ta fi wuyar gyarawa, galibi sakamakon jarabawar sakandare, a mayar da ita ma'auni, sauran su bi ta.

Ranar haihuwa tana da tarko a ɓoye. Silif ɗin NIN na asali, dogon nan da ake bayarwa bayan rajista, yana nuna suna da jinsi da adireshi da lambar mai alƙaluma 11, amma ba ya nuna ranar haihuwa. Sai ƙaramin nan mai kama da kati, mai ɗauke da alamar QR, shi ke nuna ta. Mutum zai yi shekaru yana yawo da dogon silif bai san an rubuta masa 1 ga Janairu ba, ko an rage masa shekara biyu, sai ranar da shafin neman aiki ya jawo bayanansa ya ce shekarunsa ba su kai ba ko sun wuce. Ɗalibai sukan gano wannan lokacin rajistar JAMB, idan suka tura NIN ɗinsu zuwa 55019 ko 66019 don karɓar lamba, domin suna da ranar haihuwa daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ake ɗauko su kai tsaye. Wanda ya manta lambarsa gaba ɗaya zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi kaɗan a turo masa.

Sai batun wace ƙaramar hukuma. Jihar tana da 23, kuma a cikin garin Kaduna iyakokinsu sun cuɗanya har mutum ba ya sanin lokacin da ya tsallaka. Rigasa da Mando da Rigachikun duk Igabi ne, sakatariyarsu tana Turunku, ba cikin gari ba. Kawo da Unguwar Rimi da Malali na Kaduna ta Arewa ne. Tudun Wada da Kakuri da Barnawa na Kaduna ta Kudu ne. Sabon Tasha da Narayi na Chikun ne, wato Kujama za ka nufa. Can Zazzau ma, Samaru tana ƙarƙashin Sabon Gari ne, ba ƙaramar hukumar Zariya ba. Lokacin turmutsutsun haɗa layin waya da NIN, masu rajista da yawa sun riƙa cike gurbin asali da inda mutum yake zaune, ko su zaɓi sunan farko da ya faɗo musu a jerin. Tun ran gini ran zane: wanda aka yi wa kuskuren a ranar rajista, shi ne yau yake riƙe da indijin ta Lere alhali kwamfuta tana cewa shi ɗan Kaduna ta Kudu ne.

Idan an ga saɓani, a gyara NIN tukuna. Hukumar NIMC tana da shafin gyara da kanka, inda mutum zai buɗe asusu da imel da lambar waya, ya ɗauki hoton fuskarsa, ya ɗora hujja, ya biya ta intanet. Gyaran suna yana bukatar takardar rantsuwa daga kotu, sau da yawa har da sanarwa a jarida. Gyaran ranar haihuwa ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana bukatar takardar hukumar ƙidaya ta ƙasa, wato NPC. Abu ɗaya da mutane ba su sani ba: asusun yana ɗaure da waya ko kwamfutar da aka fara buɗe shi da ita, har da burauzar. Idan a kafe, wato shagon intanet, aka buɗe maka, sannan ka dawo gida ka gwada shiga da wayarka, zai iya kulle ka, buɗewar kuma wani dogon zance ne. Ka buɗe da wayarka, da imel ɗin da kai ka san kalmar sirrinsa, kada kuma ka share tarihin burauzar sai an gama. Gyaran ba ya bayyana nan take a sauran shafuka, saboda haka wanda ya bari sai saura kwana uku a rufe shafin neman aiki ya makara.

Game da takardar haihuwa, katin da asibiti ke ba mai jego ba shi ne ake nufi ba. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora aikin a wuyan NPC, kuma ma'aikatanta suna zama a sakatariyoyi da wasu asibitocin sha-ka-tafi. Ana son a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Wanda ya haura shekara 18 ba a yi masa ba, takardar tabbatar da haihuwa zai nema a shafin hukumar, da NIN ɗinsa da rantsuwar shekaru daga kotu. Tun da aka ƙaddamar da rajista ta na'ura a Nuwamban 2023, takardun suna fitowa da lambar da ake iya bincikawa, kuma wannan lambar ce shafin NIMC ke nema.

Bayan takardu sun daidaita sai a koma ƙasa, wajen masu sarauta, inda intanet ba ta da ta cewa. Mai unguwa ne matakin farko. Shi zai rubuta cewa ya san ka, ya san mahaifinka, ya san gidanku. Daga nan dagaci ya sa hannu, sannan ofishin hakimi ya buga hatimi. A tafi da babba na gida idan da hali, musamman ga yaron da aka haifa a birni bai taɓa kwana a ƙauyen ba. Tambayoyin ba su da yawa amma ba a yi musu ƙarya. Za ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, takardar shaida muka zo nema wa yaron nan." Zai dubi yaron ya ce, "Ɗan wa ne? Wane gida? Wa ke riƙe da gonar kakanku yanzu?" Idan amsa ta fito daidai, magatakarda ya jawo takarda. A nan sai a miƙa masa kofin silif ɗin NIN a ce ya kwafi sunan yadda yake, harafi da harafi, domin idan aka bar shi da kunnensa zai rubuta yadda aka saba kiran mutum a gari, kuma sakatariya daga wasiƙarsa za ta kwafa. A tuna kuma cewa a 2017 gwamnatin jihar ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, don haka ƙauyen da dattawan gida suka sani a ƙarƙashin wani hakimi mai yiwuwa yanzu yana ƙarƙashin wani. A tambaya kafin a kashe kuɗin mota.

A sakatariya ana bukatar wasiƙar hakimi ta asali, kofin NIN, kofin takardar haihuwa, da hoton fasfo. Ka riƙe guda huɗu ko da biyu aka ce, masu farin bango, na kwanan nan. Wasu wuraren sukan nemi sa hannun kansilan mazaɓa a kan fom. Ka cike fom da manyan baƙaƙe, kada ka goge, kada ka shafa farin ruwan gyara. Idan ka yi kuskure ka nemi sabo.

Wajen biyan kuɗi ne ake yawan samun cuku-cuku. Dokar haraji ta jihar ta 2016, wadda aka sabunta a 2020, ta hana karɓar kuɗin shiga na gwamnati hannu da hannu, ta kuma sa hukumar KADIRS ta zama mai tattarawa. Akwai kuma shafin PayKaduna na biyan kuɗaɗen gwamnati. Abin da wannan ke nufi ga mai neman takarda shi ne ya tambayi inda ake biya a hukumance, ya biya can, ya karɓi rasit mai lamba. Kafin ka danna tura kuɗi, dubi sunan da ya fito a allon waya ko na POS. Idan sunan mutum ne, tsaya. A bakin ƙofa ba a rasa masu cewa "kawo in shigar maka, yau ɗin nan za ta fito", kuma gaskiya tana fitowa da wuri, sai dai ba kowace ce ke shiga littafi ba.

Sabis yakan yanke a tsakiyar biya: banki ya cire kuɗi, alat ya shigo, amma rasit bai fito ba. Kada a sake biya nan take. A ɗauki hoton allon, a rubuta lambar cinikin. Idan tiransfa ce, akwai lambar da ake kira Session ID mai alƙaluma 30 a cikin rasit ɗin manhajar banki, ita banki ke bi ya gano kuɗin. Idan ta Remita aka biya, wato shafin biyan kuɗi ta intanet, lambar RRR mai alƙaluma 12 ita ce shaidarka, kuma ana iya duba matsayinta a shafinsu. Yawanci ko dai kuɗin ya isa daga baya, ko ya dawo cikin 'yan kwanakin aiki. Wanda ya biya sau biyu kuwa, dawo da na biyun sai ya rubuta wasiƙa ya yi ta sintiri. Ɗan siririn rasit na POS kuma da zafi ake buga shi, ba da tawada ba, yana dushewa cikin makonni, a aljihu ma ya fi saurin gogewa. A yi masa fotokwafi a ranar.

Abin da na fi so mutane su kula da shi a cikin ofishin shi ne littafin rajista. Wani ƙaton littafi ne mai bango mai kauri, gefensa ya yi baƙi da taɓawa, an ja layuka da rula: lamba, suna, sunan uba, gunduma, mazaɓa, kwanan wata, sa hannu. Magatakarda zai lashi yatsa ya buɗe shafin ƙarshe, ya rubuta lambar da ke bin ta sama, ya kwafe ta a saman takardarka, ya juyo littafin ya ce, "Malam, sa hannu a nan." A wuraren da na bi, wannan littafin shi ne rumbun bayanai na gaskiya, ko da kuwa akwai kwamfuta a kan teburin ana buga takardar da ita. Idan hukumar da ta ɗauke ka aiki ta aiko a tabbatar da takardarka, shi za a buɗe. Takardar da ke da sa hannu da hatimi amma lambarta ba ta cikin littafi, ko lambar tana ɗauke da sunan wani, jabu ce a idon mai bincike, kuma irin wannan kan sa a kori mutum daga sansanin horo bayan ya riga ya aske kai. Ka tsaya ka ga an rubuta ka da idonka. A ganina, kafin ƙananan hukumomi su yi zancen manhaja da shafuka masu ƙyalli, wannan littafin ya kamata su fara shigarwa kwamfuta, a haɗa kowace lamba da NIN ɗin mai ita, yadda jami'i a Abuja zai duba cikin minti ɗaya. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, uzurin rashin kuɗi ya kamata ya ragu.

Sa hannu na ciyaman ne ko sakataren ƙaramar hukuma, kuma jinkiri yawanci daga nan yake: an tara takardu ana jiran mai sa hannu ya dawo daga taro. Litinin zuwa Laraba da safe sun fi. Juma'a kada ka sa rai. Idan takarda ta fito, kada ka bar harabar sai ka karanta ta daga sama har ƙasa. Suna daidai da NIN? Gunduma daidai? Akwai lamba da kwanan wata? Hatimin ya hau kan hoton, rabi a hoto rabi a takarda? Wannan ne ke nuna ba a sauya hoton ba. Gyara a ranar abu ne na minti goma. Bayan mako guda kuwa sai a ce ka sake fom.

Kada a yi gaggawar kai ta laminatin. A yi sikanin tukuna, domin ledar tana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar na'ura ta ɓoye hatimi, zafin injin kuma yana shafe tambarin da aka danna ya kumbura. Ni na fi son a bar ta haka a cikin jakar leda mai zif. Shafukan neman aiki suna ƙayyade nauyin abin da za a ɗora, sau da yawa 100KB ko 200KB, kuma su faɗi ko JPEG suke so ko PDF. Takardar A4 da aka yi wa sikanin mai launi a kan 300 dpi (ma'aunin kaifin sikanin) takan haura megabait ɗaya, shafin zai ƙi ta, wani lokaci ba tare da ya faɗi dalili ba, sai dai ka ga abin yana ta juyawa. A sauke zuwa 100 ko 150 dpi, a duba cewa lambar takarda da sa hannu suna karantuwa idan an zuƙo. Wanda zai ɗauka da waya ya shimfiɗa takardar a wuri mai haske ba cikin rana tsaka ba, ya kashe filasha, ya tsaya daidai samanta yadda kusurwoyi huɗu za su fito. Kada a tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi rubutu ya dushe. A tura shi a matsayin fayil. Sunan fayil ya zama gajere, babu tazara, babu alamomi.

A wajen cike shafin, jiha da ƙaramar hukuma daga jeri ake zaɓa, kuma yatsa kan zame. Kaura da Kauru suna maƙwabtaka a jerin, haka Kachia da Kaduna da Kagarko da Kajuru. Shafuka da yawa ba sa bari a gyara bayan an danna aikawa, don haka a karanta shafin dubawa na ƙarshe da murya, a sa wani ya riƙe takardar yana bi. Lambar waya da imel su zama naka, domin ta nan gayyatar jarabawa za ta zo. Na ga waɗanda aka gayyata ba su sani ba saboda saƙon ya tafi imel ɗin mai kafe.

Idan a kafe aka yi aikin, kafin ka tashi ka sa a goge kofin takardunka daga kwamfutar, har da kwandon shara da jakar saukewa, a fita daga imel ɗinka. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kiyaye su, amma a zahiri kwamfutocin kafe cike suke da NIN da hotunan jama'a, kuma da irinsu ake haɗa takardun bogi. Ka tura wa kanka kofi ɗaya a imel, ka rubuta lambar takardar da ranar da aka ba ka a wani wuri daban. Idan ta ɓata ko ruwa ya ci ta, da wannan lambar da rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu za ka koma sakatariya, a buɗe littafin shekarar a nemo layinka a sake buga maka wata, ba sai ka koma wajen mai unguwa da hakimi ba.